Jirgin da Kalilu Ya Haɗa a Gareji

Gidan Kalilu shi ne na ƙarshe a layinmu, idan ka fita daga Daura ta hanyar Mai'adua. Daga shi sai gonaki. Gida ne na bulo, ɗaki uku, da gareji mai ƙofar ƙarfe da ya gina tun yana aiki, da niyyar wata rana zai sayi mota. Bai taɓa sayen motar ba. Abin da ya zauna a garejin nan fiye da shekara goma jirgin sama ne, kuma ni, Jafaru tela, ina cikin mutane ƙalilan da suka taɓa sa hannu a jikinsa.

Tare muka taso da Kalilu. Mahaifinsa manomi ne daga wani ƙauye kusa da Sandamu, ya dawo Daura da zama. Tun muna yara Kalilu ba mai yawan magana ba ne. Idan an ba shi kwaɗon ƙofa ko fitila, sai ya kwance su ya ga abin da ke ciki. Da muka girma ni na shiga ɗinki, shi ya tafi Kano koyon kanikanci. A can ya samu aiki da wani kamfani mai ƙananan jirage, waɗanda ake haya su yi feshin tsuntsun jan-baki idan ya sauka a gonakin gero da shinkafa. Shekara goma sha takwas ya yi yana bin jiragen nan, yau Haɗeja, gobe Gashuwa, yana canja musu mai, yana duba inji. Daura sai da Sallah muke ganinsa.

Ya auri Murja, suka haifi 'ya ɗaya, Ikilima. Murja ta rasu yana can bakin aiki. Lokacin babu wayar hannu, kafin saƙo ya same shi ya taso har an yi sadakar uku. Ban taɓa jin ya yi maganar wannan ba. Mutane sun yi ta matsa masa ya sake aure, ya ce to, bai kuwa yi ba. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya, ita ta ƙarasa renon Ikilima har aka aurar da ita ga wani ɗan kasuwa a Damagaram.

A cikin matuƙan kamfanin akwai wani tsohon Bature da ma'aikata ke kira Mai Lofe. Shi ya fi jituwa da Kalilu, wataƙila don su biyun duk ba sa son surutu. Mai Lofe ya yi odar wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu daga ƙasarsu, irin wanda ake kawowa a warwatse cikin akwatuna, mutum ya haɗa da kansa. Shirinsu shi ne idan aiki ya lafa su haɗa shi tare. Akwatunan suna isowa ciwo ya kama tsohon, aka ɗauke shi zuwa gida. Ranar da zai tafi ya ɗora hannun Kalilu a kan akwatunan ya ce masa jirgin nashi ne. Ya aiko wasiƙa sau biyu, daga nan shiru. Ba a daɗe ba kamfanin ma ya rufe.

Haka Kalilu ya dawo Daura a shekarar dubu biyu, da jakar kayansa da manyan akwatunan katako uku a bayan babbar mota. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce a jiharmu, hankalin kowa yana can. A majalisarmu ta bakin masallaci ba a maganar komai sai sababbin kotuna, da gidajen giyan da aka rufe, da farashin taki. Kalilu ya zo ya zauna da mu kwana biyu. Ya daɗe ba ya gari, bai san wa ya mutu ba, bai san wa ya auri wa ba. Idan ya kawo labarin jirgi sai a saurare shi kaɗan don kunya, a koma kan maganar da ake yi. A hankali ya daina zuwa, mu ma ba mu neme shi ba.

Da safe yana gyaran injin niƙa da injin ban ruwa a ƙofar gida, da shi yake ci. Bayan Azahar sai ya shige gareji ya ja ƙofa, ba a sake ganinsa sai Magariba. Jirgin ya zo da littafi mai kauri, da Turanci. Turancin Kalilu na bakin aiki ne, don haka ya sayi ƙamus, yana bin littafin layi-layi, yana rubuta ma'anar da fensir a gefen shafi. Ya gaya mini daga baya akwai shafin da ya ci masa wata guda. Wurare da yawa littafin yana cewa a samu wani ya riƙe nan, kai kuma ka ɗaure can. Shi ba shi da wani. Sai ya ɗaura igiya a azarar rufin gareji ya rataye ƙarfen, ya tokare ɗaya gefen da buhun ƙasa, ya zagaya ya ɗaure notin.

Iya ce kaɗai 'yar kallonsa. Kunnenta ya yi nauyi, ƙafa ma ta ƙi, amma kullum da la'asar sai ta ja tabarmarta zuwa ƙaramar ƙofar da ta haɗa garejin da tsakar gida, ta zauna tana ɓarar gyaɗa. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Kai wannan," ta kan ce, "har yanzu keken naka bai ƙare ba?"

"Jirgi ne, Iya."

"To Allah Ya sa albarka. Ka dai ci abinci."

A shekara ta uku ya fara lulluɓe jelar jirgin da yadi. Gam ɗin da ake mannawa da shi yana da wani wari mai hawa kai, har layi ake jinsa. Mutum ba ya da mata, ba ya zama da kowa, ya rufe ƙofa, ga kuma wari yana fitowa. Nan da nan magana ta zagaye unguwa wai Kalilu giya yake dafawa. Na ji maganar a shagona, na ce ƙarya ne, amma ban tashi na je na gaya masa ba.

Wata Asabar da hantsi mai unguwarmu, Malam Lawal, ya je gidan da 'yan agaji biyu. Mu kuma muka bi baya. Malam Lawal ya yi sallama, Kalilu ya fito hannunsa duk gam.

"Malam Kalilu, ka yi haƙuri," in ji mai unguwa. "Ƙorafi aka kawo mini, kuma ka san halin da ake ciki yanzu. Gara in gani da idona."

"Ƙorafin me, ranka ya daɗe?"

Mai unguwa ya faɗa masa maganar giyar da ake yi. Kalilu ya juyo wajenmu. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kaina, ni kuwa na sunkuyar da kai. Ya juya ya buɗe ƙofar garejin duka biyu.

Ga abu nan a tsaye kan taya biyu, dogo, ƙasusuwansa na farin ƙarfe duk a waje, da kujeru biyu ɗaya a bayan ɗaya. Fukafukan suna rataye a bango, ba riga. Ko'ina a share, sifanu a jere bisa girmansu. Kalilu ya ɗauko gwangwanin gam ya miƙa wa ɗaya daga cikin 'yan agajin, ya shinshina, ya yi tari.

"Subhanallahi," in ji mai unguwa. "Wannan fa?"

"Jirgin sama ne, ranka ya daɗe."

"Kai za ka tashi da shi?"

"In Allah Ya so."

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, saura suka kama. Mai unguwa ya tsawatar, ya ba Kalilu haƙuri sosai, muka watse. Daga ranar ba a sake cewa yana dafa giya ba, sai aka koma cewa ya taɓu. Idan ya wuce a kan kekensa, wasu su kan ɗaga murya, "Direba, yaushe za a kai mu Makka?" Ya kan ɗaga musu hannu kawai.

Bayan kamar wata shida, ina cikin shago sai ga shi da ƙunshin farin yadi a kafaɗa. Ya zauna a benci, muka gaisa, bai tayar da maganar ranar nan ba.

"Jafaru, aiki na kawo maka. Na yi iya dabarata, wannan kam ba ya yiwuwa da mutum ɗaya."

Na taɓa yadin. Ban taɓa ganin irinsa ba, mara nauyi, amma ko da haƙori ba ka yaga shi. Riga za a ɗinka wa kowane fiffike, a zura masa kamar safa. Bayan nan sai a ɗinke yadin da haƙarƙarin fiffiken da wata allura mai tsawon kamu ɗaya. Mutum ɗaya ya soka ta wannan gefe, ɗaya ya karɓa ta wancan, ya mayar. Abin da ya gagare shi ke nan.

Mako uku na yi ina zuwa kullum bayan La'asar. Mun jingine fiffiken a tsaye a tsakaninmu, ba na ganinsa, ba ya ganina, sai allura ta ɓullo in ja in mayar. A nan na ji Kalilu ya yi maganar da ban taɓa jin ya yi ba tun muna yara. Ina jin rashin ganin fuska ne ya sake masa baki.

Na tambaye shi, "Wai tsakani da Allah, ka iya tuƙin abin nan?"

"Na zauna kusa da Mai Lofe ya fi sau ɗari. Sau da yawa ya sakar mini tuƙin, na riƙe. Tashi da sauka ne dai ban taɓa yi ni kaɗai ba."

"To me kake nema a saman?"

Allura ta daɗe ba ta ɓullo ba.

"Na ga Haɗeja daga sama," ya ce. "Na ga kogin Yobe, na ga shanu suna ƙetare shi kamar tururuwa. Garuruwan mutane duk na gan su. Daura ce ban taɓa gani ba, aikinmu bai taɓa biyowa ta nan ba. Murja ta kan tambaye ni yaya gidanmu yake daga can, in ce mata ban sani ba."

Sai na ce ya miƙo allura.

Da muka gama ɗinki, littafin ya ce a bi yadin da dutsen guga don ya ɗame. Zafin yana da iyaka, in ya wuce yadin ya ƙone. Wuta ba ta zama, don haka na kawo dutsena na gawayi. Wannan kam fannina ne, da tafin hannu nake gane zafi. Ina gogawa yadin yana miƙewa, har ya zama in ka ɗan buga shi da yatsa sai ya yi ƙara kamar ganga. Kalilu ya yi ta zagaya fiffiken yana bugawa yana dariya. Iya ta ga yana dariya, ita ma ta kama, ba ta san dalili ba.

Ranar da muka ƙare ya raka ni har bakin layi. Ya ce, "Ka riƙa leƙowa mana, ko ba aiki." Na ce in sha Allahu. Sai ɗinkin Sallah ya taso, bayansa bikin 'yata, bayansa wani abu. Gidana da nasa bai fi tafiyar minti biyar ba, amma sai in yi wata uku ban taka ba.

Iya ta rasu da damina a shekara ta dubu biyu da huɗu. Ikilima ta zo daga Damagaram ta yi mako biyu, ta roƙe shi ya bi ta, ya ƙi. Da ta koma, gidan ya zama shi kaɗai. Abinci a bakin tasha yake saye. Wata rana na je na tarar ya shimfiɗa tabarmar Iya a bakin ƙaramar ƙofar nan, ya ɗora akwatin sifanu a kai. Ya ce wai don kada ƙasa ta shiga cikinsu.

Jirgin bai zo da inji ba. Kalilu ya samo injin tsohuwar mota ƙirar Bitil, ya kwance shi gaba ɗaya, ya sake gina shi yadda littafin ya nuna. Wannan ya ci masa shekara biyu da wani abu. A lokacin na lura ya fara wani hali. Idan ka zo ta gefensa ba ya sanin ka zo sai ka yi magana. Sau biyu na ga ya yi karo da ƙofar gareji. Na ɗauka tunani ne ya yi masa yawa.

A ƙarshen shekara ta dubu biyu da bakwai ya zo ya same ni ya ce an gama. Tsohuwar gonar mahaifinsa ta wajen Sandamu doguwa ce, shimfiɗaɗɗiya. Bayan an cire gero ya yi mako biyu yana tumɓuke kututture shi kaɗai, yana cike ramuka. Ranar Lahadi da sassafe aka ɗora jirgin a a-kori-kura, fukafukai a gefe. Ya so a yi abin a ɓoye, amma jirgi a bayan mota ba ya ɓoyuwa. Kafin mu gama ɗaura fukafukai gonar ta cika, wasu a babur, wasu a ƙasa, har da masu tallan rake.

Ya ɗaure jelar a turke, ya ce in tsaya a wurin. Ya je gaba ya yi bismilla ya juya farfela da hannu. Sau huɗu tana ƙi, a na biyar injin ya kama. Iskar ta cire mini hula. Ya shiga ya zauna a kujerar gaba, ya ɗaga hannu, na kwance igiya.

Jirgin ya fara tafiya a hankali, sannan ya ɗauki gudu. Mutane suka yi ta kabbara. Ina kallo jelar ta ɗaga daga ƙasa, ya rage taya biyu kaɗai ke taɓawa, kuma wallahi a idona su ma sun fara sauƙi. Sai kawai ƙarar injin ta faɗi. Jelar ta koma ƙasa, jirgin ya yi ta gangarawa har ya tsaya can nesa, kusa da wata kuka.

Aka jira ko zai juyo ya sake. Bai juyo ba. Wani ya ce, "Ai dama mun faɗa." Aka yi dariya, aka fara tayar da babura. Ni na taka har wurinsa. Na same shi zaune, hannunsa a kan cinya.

"Injin ne?" na tambaya.

"Injin lafiyarsa lau. Ya so ya tashi, Jafaru. Na ji shi a jikina."

"To me ya faru?"

"Idona ne." Ya nuna gabansa. "Ina ganin kukar can sarai. Amma fukafukaina ban gan su ba, dama da hagu duk duhu. Kamar mai leƙe ta cikin bututu nake. Da wani ya shigo ta gefe, sai dai in ji na taka shi. In na tashi kuma, da me zan nemo gonar in sauka?"

Ashe shekara biyu ke nan da likita a Katsina ya gaya masa yana da hawan jinin ido, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Bai gaya wa kowa ba. Rabin injin nan da lalube ya haɗa shi.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Yaushe?" ya ce. Ba da faɗa ya faɗe ta ba, tambaya ce kawai.

Muka zauna a inuwar fiffike har gonar ta watse, sannan muka kwance fukafukan muka mayar da shi gida.

Bayan nan ya sa aka rubuta masa wasiƙu zuwa wurare, ko za a samu matuƙin da zai zo ya gwada jirgin. Mutum ɗaya ya zo, wani dattijo da ya yi ritaya daga tuƙi, ɗan ƙasar Zariya. Ya wuni yana dubawa, yana shiga ƙarƙashi, yana jan wayoyi. Da ya gama ya riƙe hannun Kalilu ya ce bai ga aibi ko ɗaya a aikin ba, kuma shi a ganinsa jirgin zai tashi. Sai dai akwai takardun izini da dole a nema, ya ce zai bi ya dawo. Kalilu ya yi wata da watanni yana sauraren tsayuwar mota a ƙofar gida. Daga baya muka ji dattijon ya kwanta ciwo.

Idon ya ci gaba da rufewa. Ya daina gyaran injuna, ya daina hawa keke. Yanzu kam ina zuwa, kusan kullum, in ja shi zuwa masallaci. Sau da yawa na kan same shi a gareji zaune cikin jirgin, ƙofa a rufe, ba ya yin komai. A shekara ta dubu biyu da tara Ikilima ta zo da mijinta.

"Baba, wannan karon ba zan koma ba sai da kai," ta ce. "In ka ƙi, to ni ma na zauna."

Bai yi gardama ba. Ya shiga gareji ya shafa jirgin tun daga farfela har jela, ya lulluɓe shi da tamfol, ya kulle, ya ba ni makulli.

Na je Damagaram sau ɗaya na gan shi. Suna kula da shi sosai, ɗakinsa daban, jikoki suna shiga suna fita. Amma ba wanda ya san shi a garin, ba mai zuwa wurinsa. Ya tambaye ni ko rufin gareji yana yoyo, na ce a'a. Ya tambayi mutanen layinmu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da waɗanda suka fi yi masa dariya.

Ya rasu bayan shekara biyu, a can aka binne shi. Labarin ya iso mana ta bakin wani direba. Malam Lawal ya sa aka yi masa addu'a a masallaci bayan La'asar, mutane suka ce Allah Ya ji ƙansa, mutumin kirki ne, ba ruwansa da kowa.

Da Ikilima ta tashi sayar da gidan, ta ce a ba wata makarantar koyon sana'a jirgin, yara su riƙa gani. Malamai biyu suka zo da mota. Na buɗe musu, muka yaye tamfol. Tayoyin sun sace, ɓera ya yi gida a ƙarƙashin kujerar baya, amma yadin yana nan a ɗame. Ɗaya daga cikin malaman ya ɗauki littafin yana buɗawa, ya ga rubutun fensir a kowane shafi.

"Baba, su nawa suka yi wannan aikin?" ya tambaye ni.

Na ce, "Mutum ɗaya ne."

Ya nemi sunan, na faɗa masa, ya rubuta a bangon littafin. Muka ɗora jirgin a mota, suka ɗaure shi da igiya suka kama hanyar Katsina. Na share garejin, na kai wa sabon mai gidan makullinsa.